A Bi Littafi

Tun ranar da labari ya bazu a unguwar Derrière la Prison cewa za a mayar da Gagara-Aska fim, Ismaël ya rage tuwo ya koma wake da ƙwai. Ya samo wani tsohon ƙarfen mota, ya cika gwangwanayen fenti biyu da siminti ya maƙala masa a kowane gefe, kullum kafin ya fita da taksi sai ya ɗaga shi a bayan gida har maƙwabta su ji nishinsa. Babu wanda ya ce masa an ba shi matsayin jarumin. Shi ma bai tambaya ba, don a ganinsa mutum ba ya neman izini kafin ya sa rigarsa.

Gagara-Aska jarumi ne na littafin zane, irin wanda ake kira bede a nan Libreville, kuma ƙanwar Ismaël, Lailatu, ita ke zana shi tun tana lakwal, wato makaranta. Ƙarfe ba ya cin jikinsa. Wuƙa ta lanƙwashe, adda ta dakushe, shi kuwa ya kakkaɓe riga ya kama ɓarawo. Idan ya fita aiki baƙin rawani yake naɗawa, ido kawai ake gani. Idan yana tuƙin taksinsa kuma, Lailatu ba ta zana shi sai ta baya, ko idanunsa a cikin madubi. Amma duk wanda ya san Ismaël ya san kafaɗun nan, ya san yadda jarumin yake karkata kai kafin ya yi magana. Abin da kawai ba a gani a takarda shi ne tsagar Gobirawa da ke kumatun Ismaël, daga gefen baki har kusa da kunne, wadda marigayi mahaifinsu, da yake wanzami ne, ya yi masa da hannunsa a Tibiri kafin su yi ƙaura. To, ai rawani ya rufe wurin.

Shekara da shekaru direbobi na yi masa oda suna kiransa Gagara-Aska, shi kuma yana amsawa da ɗaga hannu. Gaskiyar magana, karatun littafin bai dame shi ba. Yakan buɗe ya nemi inda ake dambe, ya ƙare wa ƙwanjinsa kallo, ya rufe. Fitowar farko ma da ya buɗe ya ga mata na girki an ɗaure rago, sai ya ajiye ya ce wannan na su Inna ne.

Abu na farko da ya tsaya masa a rai wata takarda ce da ya gani manne a bangon masallacin unguwa. An rubuta ana neman wanda zai fito a matsayin Gagara-Aska, za a yi kastin, wato gwajin 'yan wasa, a biro, ofishin Hamadou da ke unguwar Plaine Orety. Hamadou ɗan Garoua ne, mai sayar da wayoyi, wanda ya tara kuɗi ya sayi kamara ya ce shi yanzu mai shirya fim ne. Ismaël ya ciro takardar ya kai gida, ya tarar da Lailatu tana shan koko.

"Ke, mi ne ne wanga?" ya tambaye ta. "Ana neman wa?"

"Al'adar 'yan fim ce, Yaya," in ji ta, idonta na cikin kofi. "Sai an gwada mutane."

"A gwada ni a zama ni?"

Ta ajiye kofin. Ta ce ta makara, ta ɗauki jakarta ta fita, kokon ma ba ta ƙarasa ba. Innarsu da ke gyaran wake a gefe ta ci gaba da gyaran wakenta kamar ba a ɗakin take ba. Ismaël ya tsaya da takarda a hannu, ya ce a ransa lallai da walakin, goro a miya.

Ranar kastin ya sa riga mai kama jiki ya tafi. Tun daga matakala yana jin hayaniya da dariya a cikin biron, amma yana sa ƙafa sai wurin ya yi tsit. Samarin da ke jiran layi suka gaishe shi da ladabin da ya wuce kima, wani har ya tashi ya ba shi kujera. Hamadou ya taho da sauri ya rungume shi yana cewa, "Ga mai abu ya zo, ga mai abu ya zo," ya sa aka kawo masa ruwan sanyi. Ismaël ya daɗe a kan titi, ya san fasinjan da ya cika fara'a shi ne wanda zai ce a jira shi ya shiga gida ya ɓace ta ƙofar baya.

Aka ba shi rawani ya naɗa, ya yi tsalle, ya kai naushi, ya kama wani saurayi ya ɗaga sama har sai da ya yi salati. Aka tafa. Sai Hamadou ya ce ya kwance rawanin ya zauna a kujera kamar yana tuƙi, ya dubi kamara. Ya yi. A nan ne ya lura Hamadou ya saci kallon Lailatu, ita kuma ta sunkuyar da kai tana wasa da fensir. Wannan karon babu wanda ya tafa.

Bayansa aka kira wani Haitham, mai koyar da motsa jiki a unguwar Okala, dogo, fuska sumul kamar bai taɓa shiga rana ba. Naushinsa ba laifi, Ismaël ma ya yarda da wannan, amma bai san yadda ake riƙe sitiyari ba, ya kama shi da hannu biyu kamar mai ɗauke da faranti. Duk da haka Lailatu ta ɗago kai ta dube shi da kyau, har ta rubuta wani abu. Da aka tashi kuma, a motar Hamadou aka mayar da shi gida. Ismaël ya bi su a baya da taksinsa har shataletalen hanyar filin jirgi, fasinjoji na ɗaga masa hannu yana wucewa, ransa na tafasa.

Daga ranar ya zama mai gadi ba albashi. Direban taksi ba ya rasa dalilin bi ta kowace unguwa, shi kuwa sai ya zamana duk hanyoyinsa ta Plaine Orety suke bi. Ya ga Hamadou da Lailatu a ƙofar biro suna gardama, ita tana girgiza kai, shi yana buga bayan hannu a tafi. Ya ga Haitham ya shiga da jaka ya fito ba jaka. Ya ga Lailatu ta dawo gida ido ja, ta ce hayaƙin mota ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ba komai ba ne, amma mai zargi ba ya zubar da komai, tarawa yake yi.

Wata ranar Laraba, ana yayyafi, wata mata ta tsayar da shi a bakin kasuwar Mont-Bouët da ƙullin baƙin yadi. Ta faɗi inda za ta, ya yi oda alamar ya yarda, ta shiga gaba. Hawaou ce, telar da Hamadou ya ɗauka ta ɗinka kayan fim. Ismaël ya rage muryar rediyo.

"Madam, rigar jarumi ce wagga?" ya tambaye ta.

"Ita ce," in ji Hawaou. "Amma ni na gaji. An ce in dakata da yanka, wai ba a gama sanin awon wa za a bi ba. Patron Hamadou yana so a cire farkon labarin gaba ɗaya a sa wani, yarinyar kuma ta ƙi, sai kuka. Jiya dai na ji kamar ta fara saukowa."

Sai ta juyo ta dube shi sosai, ta gane wanda take magana da shi, ta kama bakinta. Har ya sauke ta, yabon ruwan sama kawai take yi.

Ismaël bai buƙaci ƙari ba, ya riga ya haɗa lissafinsa. Hamadou yana son Haitham, wataƙila don wata alaƙa ta kasuwa, wataƙila akwai ƙanwa ko 'ya a ciki. Haitham kuwa bai dace da littafin ba, shi ya sa ake so a yanke littafin a ɗinka shi daidai jikin Haitham. Ita kuma Lailatu yarinya ce, an tsare ta da kuɗi da kamara, tana kare yayanta ita kaɗai har ta gaji, kunya ta hana ta faɗa masa. Da ya kai nan a tunaninsa sai tausayinta ya kama shi, ya ji ƙwalla ta taho masa. Ya rantse ba zai bari a ci amanar ƙanwarsa ba, kuma bai ga laifi ba idan a hanyar kare ta ya karɓi abin da yake nasa.

Ya kai maganar teburin Ɗanlaraba mai shayi, inda direbobi da 'yan kasuwa ke taruwa da hantsi. A nan masu karatun Gagara-Aska suka fi yawa, akwai ma waɗanda suka haddace maganganunsa. Ya ce musu an shirya canza labarin. Wurin ya ɗauki zafi nan take, don babu abin da mai son littafi ya tsana kamar ya shiga silima ya tarar an sauya wa jaruminsa hali. Wani ya ce ya ji za a mayar da rawanin ja. Wani ya ce za a sa masa budurwa. Ismaël ya buga tebur har kofuna suka yi ƙara.

"Magana guda ce," ya ce. "A bi littafi. Abin da Lailatu ta zana, shi za a yi, ba ragi ba ƙari."

Aka amsa, amma ya lura wasu sun amsa suna kallon juna. Ɗanlaraba, dattijo ne ɗan Madawa wanda ya san mahaifinsu, ya ci gaba da ɗaga buta yana zuba shayi daga sama, sannan ya ce a hankali, "Ɗan Gobir, ka ko karanta na farko?"

"Ni za a tambaya ko na karanta?" in ji Ismaël. "Baba, ni ne littafin."

"Haka ne," in ji tsohon. "Amma da ka zauna ka duba shi, ba ya ɗaukar lokaci."

Ismaël ya dube shi sama da ƙasa. Ya tuna ya taɓa ganin Hamadou a teburin nan yana shan shayi da madara, ya kuma lura wayar da ke aljihun tsohon sabuwa ce. Ya ajiye kofinsa bai shanye ba ya tashi. Ashe har Baba Ɗanlaraba an saye.

Cikin 'yan kwanaki maganar ta cika wayoyi. A bi littafi, a bi littafi. Wani ya rubuta ta da alli a ƙofar biron Hamadou, wasu direbobi suka manna ta a gilashin baya. Masu shagunan da suka yi alkawarin taimaka wa fim ɗin suka fara tambaya ko gaskiya ne za a ɓata labarin yarinyar. Hamadou ya kira Ismaël a waya ya fi a ƙirga, Ismaël ya ƙi ɗauka, don ya san daɗin baki za a yi masa. Lailatu ta tare shi a ƙofar gida ta ce, "Yaya, don Allah ka bar maganar nan," ya dafa kanta ya ce kada ta ji tsoron kowa, yana nan. Ta juya ta koma ciki.

Da abin ya ishi Hamadou sai ya kira taro bayan sallar Juma'a, a farfajiyar wani gareji kusa da masallaci. Mutane suka cika, har da dattawa. Haitham na can baya ya jingina da bango. Lailatu da 'yan mata suna gefe ƙarƙashin rumfa. Hamadou ya fara bayani cewa fim daban, takarda daban, akwai abin da dole a sassauta. Ismaël ya miƙe ya katse shi.

"Ba mu zo jin Faransanci ba," ya ce. "Ka rantse gaban mutanen ga, da sunan Allah, abin da ke cikin littafi tun daga shafin farko shi za ka ɗauka. In ba ka da wata manufa, mi zai hana ka?"

Hamadou ya daɗe yana dubansa. Ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi kama da shi gajiya ce.

"Ɗan'uwa," ya ce, "mu shiga ciki mu yi magana, ni da kai."

"A nan za a yi ta."

Jama'a suka goyi bayansa, aka ce a rantse. Hamadou ya dubi Lailatu, ta rufe fuska da gyale. Ya sauke numfashi ya ce, "Wallahi, tallahi, abin da ke cikin littafin Lailatu shi zan ɗauka, tun daga shafin farko." Aka yi kabbara, aka tafa. Ismaël ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Ya juya ya nemi idon Haitham don ya ga yadda kunya take yi wa mutum, sai ya tarar Haitham ƙasa yake kallo.

"To, tunda an gama wannan," in ji Ismaël yana murmushi, "yaushe zan zo a auna ni?"

Shirun nan na ranar kastin ya dawo, sai dai yau na mutum ɗari ne. Wani dattijo ya tuna yana da baƙo a gida. Direbobi suka fara laluben makullansu. Waɗanda ɗazu suke ɗaga hannu tare da shi suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na gaishe shi da girmamawa kafin ya wuce. Wasunsu sun ɗauka ya san komai, suna ma yaba masa a ransu cewa ya fifita littafin ƙanwarsa a kan kansa. Waɗanda suka gane bai sani ba kuwa, babu mai iya duban babban mutum ya yi masa maganar fuskarsa.

Hamadou ne ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Ni kai nake so tun farko," ya ce. "Haitham na ajiye shi ne ko da Lailatu ta ƙi. Wata guda ina roƙonta ta bar ni in cire ranar suna, in ce wani tsoho ne ya ba jarumin magani yana saurayi, don ka samu shiga. Takarda tana iya ɓoye fuska shekara goma, kamara ba ta iyawa, dole a ga direban nan da rana. Ta yarda ranar Talata. Yanzu ka sa na rantse."

"Wace ranar suna?" in ji Ismaël.

Hamadou ya dube shi, ya dubi Lailatu, ya ce wannan ba bakinsa ba ne, ya tafi.

Hadari ya haɗo daga wajen teku. Ismaël ya buɗe wa Lailatu taksi, ta shiga baya kamar fasinja, bai tada motar ba. Ruwa ya sauko a kan rufin. A cikin madubi yake ganinta, ita ma idanunsa kawai take gani.

"Faɗa mini," ya ce.

"A fitowar farko an haifi yaro," in ji ta. "Ranar suna wanzami ya zo yi mishi tsaga. Ya ɗora aska a kuncinsa, askar ta karye. Ya ɗauko wata, ita ma ta karye. Daga nan aka san ƙarfe ba ya cinsa, daga nan sunan ya fito. Yaya, Gagara-Aska ba shi da tsaga. In yana da ita, babu labarin."

Ismaël ya kai hannu ga kumatunsa. Shi duk shekarun nan ya ɗauka askar da ake nufi ta 'yan fashi ce.

"Kin zana kafaɗuna," ya ce. "Kin zana tafiyata, kin zana motata. Fuskata ce kika ji kunya?"

"A'a, wallahi." Ta share ido da gyale. "Ka tuna shekarar da kake lakwal a nan, kullum sai ka dawo riga a yage? Yara suna bin ka suna kukan mage, suna cewa ita ta yakushe ka. Wata rana ka shigo baki na jini, ka ce wa Inna, da ma askar Baba ta karye ranar sunana. Inna ta mare ka. Ina bayan ƙofa, ban fi shekara shida ba. Ban manta ba. Da na iya zane, shi na fara zanawa, na karya maka ita. Na ɗauka ka gani tuntuni ka yi shiru ne don Baba."

Ya tuna ranar. Ya tuna har ɗanɗanon jinin. Ya tuna da shingayen hanya inda ake barin motoci su wuce, shi a dubi kumatunsa a ce ya faka ya kawo takardun zama. Ya kuma tuna mahaifinsa yana shafa masa tsagar da babban yatsa yana cewa duk inda ya shiga a duniya ba zai ɓata ba, danginsa za su gane shi. Duka biyun gaskiya ne, kuma bai taɓa sanin yadda zai ajiye su wuri guda ba. Ya kifa kai a kan sitiyari ya yi kuka. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Rantsuwa dai an yi ta a gaban jama'a, babu mai kwance ta. Hawaou ta yanka baƙin yadi daidai awon Haitham. Ismaël ya mayar da gwangwanayen siminti bayan banɗaki, ya koma cin tuwo. Direbobi suka ci gaba da yi masa oda, amma sunan ya fara nauyi a bakinsu, wasu suka koma kiransa Ismaël kawai, abin da ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata. Ya je teburin Ɗanlaraba ya gaishe shi har ƙasa, tsohon ya zuba masa shayi bai tada zancen ba. Wayar ma ashe 'yarsa ce ta aiko masa daga Yamai.

Ana saura mako a fara ɗauka Hamadou ya zo gidan da kansa, ya tsaya a ƙofa yana juya hula. Ya ce har yanzu ba su sami wanda zai fito a matsayin wanzami ba, wanda suka gwada ya riƙe aska kamar mai yanka albasa. Ismaël ya buɗe baki zai ce ya nemi wani, sai ga Inna ta fito daga ɗaki da tsohuwar zabirar mahaifinsu, fatar ta yi baƙi don tsufa. Ba ta kiran sunansa, da yake ɗan fari ne. Ta ajiye zabirar a gabansa ta ce wa Hamadou, "Mai motar nan ya iya riƙo, ya sha gani," ta koma ciki.

A wani gida a Okala aka shirya ranar sunan. An ɗaure rago, mata na girkin gaske a tsakar gida, an ari jaririn wata maƙwabciya mai suna Mairamou, wadda ta tsaya kusa da kamara tana sa ido a kan ɗanta. Askar fim ta gwangwani ce mara kaifi, an riga an tsaga ta yadda da an danna ta a yatsa za ta rabu biyu. Lailatu ta nuna wa Ismaël shafin, wannan karon ya karanta har ƙasa. Bayan aska ta biyu ta karye, wanzamin zai fusata, ya yi jifa da ita, ya zagi maƙerin da ya ƙera ta.

Ya zauna a tabarma, zabirar mahaifinsa a gefe, aka ɗora masa yaron a cinya. Haitham na tsaye can nesa da rawaninsa a hannu, don yau ba shi da aiki. Hamadou ya ba da umarni. Ismaël ya yi bisimilla kamar yadda ya sha jin mahaifinsa na yi, ya tallafi ɗan ƙaramin kan, ya kawo askar kusa da kuncin. Ya danna a yatsarsa, ta karye. Ya ɗauko ta biyu, ita ma ta karye.

Aka jira fushin, bai zo ba. Ismaël ya ajiye guntun askar a hankali a kan tabarma. Ya sa babban yatsa ya shafa kuncin yaron, daga gefen baki har kusa da kunne, wuri sumul mai laushi. Yaron ya yi hamma.

"Shi ke nan, ɗana," ya ce da shi ƙasa-ƙasa. "Allah bai nufa ba. Ko babu ita za mu gane ka."

Hamadou ya ɗaga hannu aka tsayar da kamara. Ya duba takardar da ke hannunsa, ya share gumi.

"Ba haka yake a littafi ba," ya ce. "Kuma kun san na rantse."

Kowa ya juya ya dubi Lailatu. Ta taho ta karɓi littafin daga hannun Hamadou, ta durƙusa kusa da yayanta, ta ciro fensir daga cikin gyalenta. Ta soke maganar wanzamin, ta rubuta wata a samanta, sannan ta miƙa wa Hamadou ya duba.

"Yanzu haka yake," ta ce.

Ismaël bai ɗago ba. Yana nan riƙe da yaron har sai da Mairamou ta zo ta ce a ba ta ɗanta, lokacin nononsa ya yi.